Sau Nawa, Nestan?

Ƙarfe huɗu na asuba a Kutaisi,
kogin Rioni yana gunaguni a ƙarƙashin gada,
ni kuwa na riga na zura rabin jikina cikin tanderu,
kai ƙasa, ƙafa sama,
ina manna ƙullu a bangon yumɓu.
Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Gashin hannuna ya daina tsirowa tun ina saurayi.

Sai ga Nestan, autata, waya a tafin hannu:
"Baba, kasuwa ta tashi ta koma nan ciki.
Wanda bai sa hoto ba, babu shi.
Sau uku a rana: safe, tsaka, almuru."
Na ce burodin nan shi ne na jiya,
shi ne na shekaranjiya, dogo mai siffar kwalekwale.
Me zan faɗa a kansa har sau uku?

Ga Gocha mai aski a tsallaken titi,
shi ya ɗauki abin da zafi.
Ƙeyar kowa sai ya ɗauka.
Almakashi, madubi, kyanwarsa a kan kujera,
sha biyu kafin rana ta raba.
Wayar matata ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara,
har ta toshe shi,
alhali uwarsa ce ta ɗinka mata rigar aure.
Yanzu yana ta magana, unguwa ta rufe taga.

Elguja mai gyaran takalmi kuwa
ya sa hoto ɗaya ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka,
ya manta da shafin wata tara.
Wata tsohuwa ta hau bas tun daga Tskaltubo,
baƙin gyale, furanni a hannu,
ta zo gaisuwar mutuwa,
ta tarar da shi da ƙusa uku a baki
yana buga dunduniya.
Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ajiye furannin, ta tuɓe takalminta na hagu.

To ina zan tsaya
tsakanin mai cika kunne da mamacin da ke numfashi?
Na ja layi biyu da yatsa a kan garin da ke tebur.
Talata, ranar da Lamara ke sauko da cuku daga tudu.
Asabar, ranar burodi mai wake.
Sai kuma in da magana:
gari ya yi tsada, ko za mu rufe don biki.

Nestan ta taɓe baki.
"Injin da ke jera hotuna zai manta da kai."
Na ce injin ya taɓa sayen burodi?
Ba ta yi dariya ba.

A watan bakwai tanderu ya tsage.
Layi ɗaya ta rubuta, ko hoto babu:
gobe ba burodi, tanderunmu ya yi rauni.
Kafin dare mutum arba'in da bakwai sun amsa.
Da hantsi wani da ban taɓa gani ba
ya tsaya da ƙaramar mota, yumɓu a baya daga Shrosha,
ya ƙi kuɗi, ya ce a ajiye masa biyu masu zafi.
Sun karanta ne don ba mu gajiyar da su ba,
haka na ce.
Ita ta ce da mun fi yawan sawa, da mota biyu ta zo.
Har yau ba mu raba wannan gardamar ba.

Yau Laraba, babu hoto.
Waya tana kan buhu, fuskarta fari fat da gari.
Sai dai jiya yarinyar nan ta faki idona,
ta ɗauki ƙafafuna biyu suna lilo a bakin tanderu,
safa ɗaya da huda a diddige.
Ɗari shida suka so shi.
Burodin Asabar, mutum tara.
Ban san abin da zan yi da wannan lissafi ba,
ga kuma ƙullu ya tashi.